Na'urar Dutsen Tungar Bawa

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, wadda ni kaina na kasa yankewa, ga shi ko ba da ita ma kunya nake ji.

Tungar Bawa ƙauye ne a bayan dutse. Waya ba ta kamawa, in kogi ya kawo kuwa ba mai fita. Sai wasu mutum uku masu sha'awar rediyon oba-oba suka yi alkawarin kafa na'ura a kan dutsen, wadda za ta karɓi magana daga ƙaramar oba-obar ƙauye ta miƙa ta asibitin gari.

Malam Tsalha, tsohon mai gyaran rediyo, shi ya ƙera eriya ya haɗa wayoyi. Ba don shi ba, da ba a ma fara ba. Amma idonsa ya yi rauni, ya kuma ƙi sa tabarau a gaban jama'a don kada a ce ya tsufa. Haka ya bar mahaɗar waya guda ba naɗi, daidai inda ruwa zai shiga.

Nomau, mijin 'yarsa, shi ya goya batir da farantin sola har ƙolin dutse, ya hau turke ya ɗaura eriya. Ya ga mahaɗar nan tsirara da idonsa. To, amma hannun surukinsa ne ya yi aikin, ga mutane a ƙasa sun ɗaga kai suna kallo. Yaya zai gyara wa suruki aiki a bainar jama'a? Ya ce a ransa zai dawo shi kaɗai ya naɗe. Shuka ta zo, ya manta.

Jatau, malamin makaranta, shi ya shigar da lambobi a kwamfuta har na'ura ta yi magana. Bayan ruwan farko ya ga ƙarfinta yana raguwa kullum. Sai dai ya riga ya cika baki a gaban mai gari cewa shekara goma ba za ta yi ko tari ba. Ya yi gum, wai ko za ta bushe da kanta.

Ran nan da hantsi maciji ya sari Hansai, matar wani manomi mai suna Mato, a ƙafa tana gona. Kogi ya cika maƙil. Mato ya riƙe oba-oba yana kiran asibiti tun hantsi har la'asar, shiru, ashe na'ura ta mutu. Da ƙyar aka ƙetare da ita a kan gora. Ta rayu, amma sai da aka yanke ƙafar.

Bayan kwana bakwai Mato ya zo ya tarar da su ukun zaune. Ya cire takalmi ya durƙusa.

Ya ce, "Malam, ku yafe mini. Kun sha wahala kun kafa mana abin arziki, ni ne ban iya latsawa ba. Jahilcina ne ya ci ƙafar matata."

Wallahi ba wanda ya iya ɗaga kai. Malam Tsalha ya ƙura wa tabarma ido, Nomau yana ta tonon ƙasa da tsinke, Jatau kuwa gumi kawai yake yi. Mato ya yi godiya ya tafi, har yau kuma yana zargin kansa.

To, jama'a, mai gudun a ce ya tsufa, da mai kunyar suruki, da mai tsoron janye cika baki, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya tashi ya je ya gaya wa Mato gaskiya?