Shamuwa da Hasumiyar Garin Odo

Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha tafiya.
Ta zo mu ji ta, ta huta.

An yi wani mutum a ƙasar Jamus, Odo sunansa, tun ƙasar duk kurmi ce. Ya gaji da yawo, ya kafa bukka a bakin fadama. Shamuwa ta zo cin kwaɗi, sai ya ɗora mata tsohuwar ƙafar amalanke a kan rufi, ta yi sheƙa. In sanyi ya shigo ta tafi, in ya wuce ta dawo. Mutane suka ce tsuntsuwar albarka ce, suka yi ta tarewa kusa da Odo.

To, can inda take zuwa, a kan busasshiyar ƙaya take kwana. Amma da ta dawo sai ta ce, "Odo, inda na fito rufinsu ya fi naka. Ka ɗaga, ko in daina zuwa."

Odo ya ce, "Baiwar Allah, bayana ya gaji." Duk da haka ya yi mata benen katako.

Odo ya mutu. Gari ya yi kasuwa, ya yi ganuwa, yaƙi ya ƙone shi, aka sake gini. Shamuwa ta samu jikansa Wendel tana cewa, "Ɗan nan, inda na fito rufinsu ya fi naku. Ku ɗaga, ko in daina zuwa."

Wendel ya ce, "Iya, jiya fa muka gama kwashe toka." Ya mayar da sheƙar saman ƙofar gari.

Zamani ya juya, ta sake maimaitawa. Magina suka ce sai dai hasumiyar coci, kuma dutse ba ya zama a kan laka. Tana can tafiyarta suka janye ruwan fadamar kaf, suka gina hasumiyar, suka ɗora sheƙar a samanta.

Ta dawo a gajiye, ta hau, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Ta leƙo ƙasa: ba fadama, ba kwaɗo, sai tituna. 'Ya'yanta suna kukan yunwa.

Ta ce, "Jama'a, ƙarya nake! Ku sauko da sheƙar!"

Wa zai ji ta daga can? Ta kira, ta kira, har murya ta ƙare. Shi ya sa har yau shamuwar Jamus ba ta kuka, sai buga baki, kaf-kaf-kaf.

Yara, in kun dawo daga tafiya, ku faɗi inda kuka kwana da gaskiya.

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan. Ku tashi, ni ma na gaji.