Sifirin da Aka Ɗaure Don Mutum Biyu

A wani gari da ke gindin duwatsu akwai wani mutum, kafinta, mai suna Filibus. Yana da babur irin dogon nan mai manyan tayoyi, wanda yake bin kwalta, ya kuma shiga daji ba ruwansa. Ba don haya ya saye shi ba. Shi dai mutum ne mai son ganin inda hanya ta ƙare. In ya ga wata siririyar hanya ta ratse ta hau tudu, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya bi ta.

Matarsa Damaris ita ma haka take. 'Yarsu guda ce, Tabita, ta yi aure can nesa. Saboda haka in aiki ya yi sauƙi sai su rufe gida, ya goya ta, su kama hanya. Sun shiga ƙauyukan da mota ba ta taɓa takawa ba, sun yi sujada a majami'u masu rufin ciyawa. In suka iso bakin rafi, kafin ya ce komai takan taɓa kafaɗarsa.

"Baban Tabita, tsaya in sauka."

Sai ta sauka, ta tattare zanenta, ta riƙe bayan babur tana turawa har su haye.

Damaris mace ce mai jiki. Da fari in suka faɗa rami, bayan babur yakan nutse har taya ta gogi ƙarfe. Suka kai shi wurin Dogara bakanike, abokin Filibus tun suna yara. Dogara ya danna sirdi, ya duba sifirin na baya, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyi, sa'an nan ya dubi Damaris.

"Maman Tabita, abu biyu ne. Ko a rage tuwo, ko a ɗaure sifirin."

"Ɗaure sifirin," in ji ta. "Tuwon gidanka nake ci?"

Dogara ya yi dariya, ya ɗaure shi daidai nauyinsu su biyu. Daga ranar babur ya riƙa tafiya lafiya lau a kan dutse da rami, shekaru masu yawa.

Ana nan sai Damaris ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Da aka gama zaman makoki, baƙi suka watse, Tabita ta koma gidan mijinta, Filibus ya fito da babur. Bai yi nisa ba ya ji abin ya sake. Kowane ɗan dutse ya taka sai bayan ya cilla shi sama, kamar dokin da bai san mahayinsa ba. Ya juya ya nufi wurin Dogara.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Dogara. "Don mutum biyu na ɗaure shi, yanzu kuwa kai kaɗai ne. Bari in sassauta."

Ya miƙa hannu zai ɗauki sifana.

"Kada ka taɓa."

"Abokina, haka zai yi ta jefa ka."

"Ka bar shi yadda ka ɗaure mata."

Dogara ya ajiye sifana.

Filibus ya koma gida ya yi tunani. Tun da nauyi babur yake nema, zai ba shi nauyi. Ya sa aka yi masa kariya ta ƙarfe irin ta ɗora kaya, aka ɗaura ta a kan mazaunin baya. Ya ƙera akwatunan katako da hannunsa ya rataya dama da hagu. Ya zuba kayan gyara, da sarƙa sabuwa, da fanfon iska, da tukunya, da tabarma. Ya ɗaura jarkar mai da jarkar ruwa. Ya gwada, har yanzu bayan yana ɗan tsalle. Sai ya cika buhu da yashi ya aza a tsakiya, ya ɗaure tamau da roba. Da ya hau ya faɗa rami na fari, babur ya lanƙwasa a hankali ya tashi, daidai yadda yake yi a dā. Filibus ya yi tafiya mai nisa ranar bai waiwaya ba, gama muddin bai waiwaya ba, yana iya cewa tana nan.

Ya shiga kula da babur ɗin fiye da yadda yake kula da kansa. Yakan wanke sarƙa ya shafa mata mai, ya juye baƙin mai tun bai yi baƙi ba, ya sa tayoyi masu manyan haƙora don laka. Shi kuwa sai ya wuni bai sa komai a bakinsa ba. Ran Lahadi yakan zauna a bencin ƙarshe, kafin a gama gaisawa ya tafi.

Wata rana Dogara ya tare shi a ƙofar majami'a.

"Ka yi ta ba ni labarin duwatsun nan har na tsufa. Asabar ka goya ni mana, in gani da idona."

Filibus ya nuna masa akwatuna da buhu.

"Ka gani ai. Ba wuri."

Ya tafi shi kaɗai. Damina ce, hadari ya haɗu can kan duwatsu ko da yake inda yake rana ce. Ya iso wani rafi da suka sha hayewa. Ya rage gudu yadda ya saba, yana jira a taɓa kafaɗarsa. Ba wanda ya taɓa. Ya sa giya ya shiga da kayansa duka.

A tsakiyar rafi tayar baya ta zame a kan dutse. Da mutum ne a baya, da ya karkata ya daidaita shi. Amma kaya inda ya ga gangare nan yake bi. Babur ya kwanta, ya danne masa ƙafar hagu a cikin ruwa.

Ya tura, bai motsa ba. Buhun ya sha ruwa ya ƙara nauyi. Ya miƙa hannu ya kwance robar, hannunsa bai kai ba. Ya duba ruwan, ya ga ya fara yin ja, yana kawo ganye da ƙirare. Wato an yi ruwa a kan duwatsu, yana tafe. Ɗazu a cinyarsa yake, yanzu ya kai ƙugu.

Filibus ya daɗe bai roƙi kowa komai ba. Ya buɗe baki, muryar ta fito kamar ta wani. Ya yi kira, ya sāke kira.

Can sai ga wani tsoho ya gangaro da sanda, ya naɗe wandonsa har gwiwa, takalmansa a hannu. Ya jefar da su a gaɓa ya shigo. Ya kama babur ya ɗaga, ya kāsa.

"Ɗana, wannan babur ne ko raƙumi? Sai mun sauke."

"Baba, a hankali da buhun."

Tsohon ya ciro 'yar wuƙa ya yanke roba. Jarkoki suka faɗi, ya ja akwatuna gefe. Da ya kama buhun, sai bakin buhun ya buɗe. Ya sa hannu ya damƙo, ya duba tafinsa, ya dubi Filibus.

"Yashi kake kawo wa rafi? An ce maka nasa ya ƙare?"

Tsohon ya mirgina buhun cikin ruwa, suka haɗa ƙarfi, babur ya tashi. Ƙafar ta kumbura amma ba ta karye ba. Suka tura shi zuwa ƙetare, suka kwashe abin da ruwa bai tafi da shi ba.

A gaɓa, suna haki, Filibus ya ce, "Nauyin matata ne, Baba. Ta rasu."

Tsohon ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Ni ma ƙanwata ake binnewa yau a bayan dutsen can. Da ƙafa ba zan same su ba, amma na ce gara in je."

Filibus ya dubi kariyar, ya dubi tsohon. Ya ɗauko sifana daga akwati ya kwance ta. Suka ɓoye kayan a gindin wata ɗorawa. Da kyar babur ya tashi, tsohon ya hau mazaunin da ba wanda ya hau tun ranar da Damaris ta rasu. Bai kai nauyinta ba, babur yana ɗan tsalle. Amma da suka iso rafi na gaba, tun Filibus bai buɗe baki ba, tsohon ya sauka ya kama baya yana turawa. Sun sami jana'izar ba a rufe kabari ba.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Babur shi ne ranka. Sifirin kuwa zuciyarka ce, wadda Allah ya ɗaure don ta ɗauki wani. In wanda take ɗauka ya tafi, dole ta yi tsalle. Wannan ba zunubi ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba ne. Ni ma na binne matata, na san yadda gida yake in an kwashe kujerun makoki.

Amma ku lura da abin da kuke azawa a wurin da ya zama wofi. Wani aiki yake azawa, wani fushi, wani kwalba, wani kuma shiru kawai. Duk suna da nauyi, har su sa ka ji kamar ba abin da ya sake. Sai dai kaya ba goyo ba ne. Kaya ba ya sauka a bakin rafi. Ranar da ka faɗi, shi zai danne ka.

Ubangiji bai ce ka manta da wanda ya tafi ba, ba kuma wanda zai zo daidai nauyinsa. Abin da yake so shi ne ka bar wuri. Shi kansa yana goyonmu, amma sau da yawa da hannun wani yake ɗaga mu, wani da shi ma makoki yake yi.

Saboda haka yau in an tashi, kai da ka saba fita da sauri, ka tsaya a gaishe ka. Ku kuma da kuka taɓa tambayar wani ya ce muku ba wuri, ku sāke tambayarsa kafin ya kai bakin rafi.