Kwamfutar da Aka Farfasa da Ranta

A wani gari an yi wani mutum mai ɗaukar hoto. In ana ɗaurin aure a majami'a, ko baftisma a bakin rafi, ko bikin godiya bayan girbi, shi ake kira. Duk abin da ya ɗauka kuwa yana zubawa cikin wata tsohuwar kwamfuta mai nauyi, irin ta masu zanen gine-gine, wadda ya saya a gwanjo tun yana saurayi. Ba ta taɓa ba shi kunya ba. Shi dai hoto ya iya. Abin da ya sani game da cikinta bai wuce kwance noti da ɗaurawa ba.

Sai zamani ya juya, mutane suka koma neman bidiyo, tsohuwar kuwa ta soma jan ƙafa. Sababbin masu ɗaukar hoto suka riƙa yi masa dariya, har ya fara jin kunyarta a ransa. Aka ba shi shawara ya canja katin hoto, wato abin da ke aika hoto daga cikin kwamfuta zuwa allo. Ya kwance tsohon katin, ya tafi birni, ya bar wa mai shago shi, ya karɓi sabo.

Mai shagon ya tambaye shi, “Maigida, allonka wane irin baki gare shi?”

Ya ce, “Tsoho ne, mai shuɗin baki da noti biyu.”

Mai shagon ya ce, “To, katin nan bakinsa siriri ne, yarensu ba ɗaya ba. Sai an sa musu mai fassara a tsakani. Bari in sallami mutanen nan in duba maka.”

Amma mutumin ya hangi wata waya a rataye, kai ɗaya siriri, ɗayan shuɗi. Motar garinsu kuma ta kusa cika. Ya ce, “Ai ga ta nan. Baki ya yi daidai da baki, me ya rage?” Ya biya, ya fita da sauri.

Da ya isa gida ya ɗaura katin, ya jona wayar, ta shiga daram. Ya kunna. Fanka ta tashi, 'yar fitilar gaba ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Ya kashe ya kunna, ya cire ya mayar, allo bai motsa ba.

Matarsa ta kasa kunne ta ce, “Baban Kefas, ji fa, tana numfashi kamar kullum.”

Ya amsa ya ce, “Ke me kika sani? Shure-shure ba ya hana mutuwa.”

Wani maƙwabcinsa ya leƙo, ya girgiza kai, ya ce, “Sabon kati ya fi ƙarfinta. Ta ƙone ƙurmus, har da abin da ke ciki.” Mutumin ya karɓi maganar nan da nan, domin ta yi daidai da abin da zuciyarsa take so ta ji.

Matar ta sake cewa, “Ka kai ta birni a duba, ko don hotunan mutane.”

Ya ce, “In ɗauki gawa in shiga mota da ita, a ƙara yi mini dariya?”

Da 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka zo wucewa da kurarsu, ya kwance sabon katin ya adana shi tare da wayar, ya miƙa musu kwamfutar.

Bayan 'yan kwanaki wata gwauruwa ta yi sallama. Ɗanta tilo ya rasu da damina, ba ta da hotonsa ko ɗaya, ta kuwa tuna an ɗauke shi ranar baftismarsa. Mutumin ya ce mata kwamfutar ta ƙone. Sai ta ce, “Ba kome, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Ta juya ta tafi tana share ido da bakin zane.

Ya zama kuwa akwai aikin wani biki a hannunsa, sai ya aro kwamfutar ƙanensa, mai siririn baki kamar na sabon katin, wadda ya gan ta da idonsa tana aiki. Ya jona ta da allonsa da wayar nan. Fanka ta tashi, fitila ta kama, allo baƙi ƙirin. Nan ya gane ashe laifin ba na tsohuwar kwamfutarsa ba ne.

Ya koma birni. Mai shagon ya juya wayar ya ce, “Wannan ai hanya ɗaya take kai saƙo, daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabon allo. Akasinta kake buƙata.” Ya ba shi wata. Da ya jona a gida, allo ya haske tar.

Ya fita a guje zuwa filin 'yan gwangwan. Suka nuna masa tarin ƙarafa suka ce, “Tun ranar muka sa mata guduma. Mu nauyi muke saye.” Ya tona ya tona, ya sami murfinta a lanƙwashe, ya sami ma'ajiyar hotunan a farfashe. Ya zauna a kan tarin ya yi kuka mai zafi. Auren mutane, da fuskokin tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, da yaron gwauruwar nan a bakin rafi, duka sun tafi, kuma da hannunsa ya miƙa su. Da ya koma gida, matarsa ta ajiye masa abinci kamar kullum. Shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Tsohuwar kwamfutar ita ce mutumin da ya daɗe yana yi maka aminci: uban da ya tsufa, matar ƙuruciyarka, dattijon da ya koya maka addu'a. Hotunan su ne ƙauna da hikimar da Ubangiji ya tara a cikinsa saboda kai. Allon shi ne zuciyarka. Wayar kuwa ita ce yadda kake magana da yadda kake saurare.

Da yawanmu muna jone da juna kamar wayar nan. Gida ɗaya, kwano ɗaya, benci ɗaya a majami'a, amma ba abin da ke ƙetarawa, domin maganarmu hanya ɗaya take bi: mu faɗa, a ji mu. In muka ga duhu sai mu ce wancan ne ya mutu. “Baba ya ruɗe.” “Matar nan ba ta ƙaunata.” Har Ubangiji ma mukan ce ya yi shiru, alhali mun durƙusa mun zuba buƙatunmu mun tashi, ba mu tsaya mun ji ba. Maƙwabcin da zai tabbatar mana da zarginmu kuma ba ya wuyar samu. Sai mu adana abin da ke da laifin, mu yar da marar laifi.

Ubangiji yana gafarta wa mai tuba, wannan tabbas ne. Amma gafara ba ta mayar wa gwauruwar nan da fuskar ɗanta ba. Akwai ɓarnar da sai dai mutum ya zauna da ita har ya koma ga Mahaliccinsa.

Saboda haka kowa ya tuna da wanda ya yanke wa hukunci a gidansa. In yana da rai, kada ka jira wata Lahadi. Idan an tashi daga sujada ka je ka zauna kusa da shi, ka kame bakinka, ka bar shi ya yi magana har ya gama.