Takardar Filin Maikano

Akwai wani manomi mutumin Maruta ta ƙasar Gwaram, ana ce masa Maikano. A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu ya sayo injin niƙa daga Kano. Duk abin da ya mallaka ke nan a duniya.

Ya ga cewa Birnin Kudu ta fi jama'a, sai ya nufi can. Wani dattijo mai suna Alhaji Maikuɗi ya ba shi hayar fili a bakin hanya, ya ce ya bar masa shi na tsawon shekara goma. A gefensa kuma ya ba wani mai suna Barau, wanda ya gina gidan burodi. Dukansu da baki aka yi maganar, aka yi musafaha, aka shafa fatiha.

Wata ranar kasuwa Maikano ya ga samari uku sun ajiye tebur da benci a gindin tsamiya. Aka ce masa ɗalibai ne masu koyon aikin lauya a jami'a, sun zo hutu, suna ba masu fara sana'a shawara kyauta. Tun safe babu wanda ya zauna a bencin.

Ya ce wa Barau su je su ji. Barau ya yi dariya ya ce, "Ni zan zauna gaban yaran da ba su gama karatu ba? Abin da yake da amfani ba a ba da shi kyauta. Ranar da nake son lauya, Kano zan je in ɗauko na gaske."

Maikano ya tafi shi kaɗai, yana jin kunya, don bai yi boko ba. Babban ɗaliban, Abdulsalami, ɗan garin Surko ne. Ya miƙe ya gaishe shi da ladabi, ya saurari labarinsa har ƙarshe.

"Baba, filin nan akwai takarda?"

"Babu. Ai Alhaji mutumin kirki ne, ba ya magana biyu."

"Haka ne, Baba. To, in yau Allah ya yi masa cikawa, wa zai tsaya a kan maganar?"

Maikano bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

Kwana uku yana zuwa wurinsu. Suka cika masa takardun rajistar sunan sana'arsa. Suka rubuta yarjejeniyar fili da Turanci da Hausa, suka karanta masa sannu a hankali, duk inda bai gane ba ya tsayar da su. Har da igiya suka je suka auna filin.

Da aka kai wa Alhaji Maikuɗi takardar, ransa ya ɗan sosu. Ya ce, "Malam Maikano, ashe ba ka yarda da ni ba?"

Abdulsalami ya rusuna ya ce, "Alhaji, ba don ku aka yi ba. Don 'ya'yanku ne da nasa, kada wata rana su sami saɓani. Addini ma ya koyar da mu rubutu da kafa shaidu."

Dattijon ya amince, ya ce a kira mai unguwa da liman. Ya dangwala yatsa a gabansu.

Maikano ya kawo wa ɗaliban zabi biyu. Suka ƙi karɓa. Abdulsalami ya ce, "Mu ma koyo muke yi a kanku, Baba. Addu'a ta ishe mu."

Bayan shekara uku Alhaji ya rasu. A lokacin an faɗaɗa hanyar, manyan motoci ba sa yankewa, filin bakin titi ya yi daraja. Babban ɗansa Badaru ya zo daga Kano da wani attajiri mai son gina gidan mai. Ya ba masu haya wata ɗaya su tashi.

Maikano bai ɗaga murya ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takardar daga ƙasan akwati. Badaru ya karanta, ya tafi da kwafinta wurin lauyansa. Bayan mako guda ya dawo ya ce, "Malam, shekara bakwai suka rage maka. Ba zan taka abin da mahaifina ya sa wa hannu ba."

Barau kuwa ya rantse an yi masa alkawari iri ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa. Amma da aka tambayi shaida, babu. Ya je Kano wurin babban lauya, shi ma tambayar da ya yi masa ke nan.

Ranar da aka rushe gidan burodin, Maikano ya kashe injinsa ya fito. Bai ce wa Barau uffan a kan abin da ya wuce ba. Ya kama suna kwasar langa-langa da tireren burodi suna lodawa a amalanke. Ya ce, "Ka ajiye su a bayan rumfata har ka sami wuri."

Barau ya goge gumi, bai iya haɗa ido da shi ba. Can ya ce, "Yaran nan, yaushe za su sake zuwa hutu?"

"Da damina, in Allah ya kai mu."

"Ka raka ni wurinsu."

Darasi: Kada girman kai ya hana ka neman shawara, kuma kada ka raina ilimi don yana hannun na ƙasa da kai ko don an ba ka shi kyauta. In za ka fara sana'a, tambayi masana doka, ka rubuta yarjejeniya, ka kafa shaidu. Ku tura wa 'yan'uwa masu shirin kafa sana'a, wataƙila wani ya tsira da guminsa.