Mutumin Da Ya Mayar Da Kaset Da Yatsa Ɗaya

Akwai wani mutum a wani gari, wanda ikilisiya ta ba shi amanar gidan muryoyi. A gidan nan ne ake ajiye waƙoƙin yabo da labaran tsofaffi, waɗanda aka bi ƙauye-ƙauye ana ɗauka tun masu su suna da sauran numfashi. Dukansu suna cikin wata babbar kwamfuta, a wani ɗaki mai sanyi a ƙarshen tsakar gida.

Mutumin nan ba rago ba ne, kuma kansa yana ja. Ya san kwamfuta abar mutuwa ce kamar kowa, don haka ya zauna ya rubuta mata umarni: kowace rana bayan azahar ta kwafe duk abin da ke cikinta zuwa kaset na ajiya, ta fara daga muryoyin farko har zuwa na jiya. Ya kuma rubuta cewa in kaset ya cika aiki bai ƙare ba, ta turo shi waje, ta yi kuka, ta jira hannun mutum ya sa mata wani. Abu ɗaya ne bai rubuta ba, wato ta duba ko kaset ɗin da aka ba ta sabo ne. Ya ce a ransa, ai ni ne zan kasance a wurin.

Shekaru suka wuce kaset ɗaya yana isa aikin rana guda. Yana da 'yan kaset a kan kanta, yana juya su bi da bi, na yau ya hau kan na makon jiya. Shi kuwa sai ya jingina da kujera, na'ura tana gunjinta a hankali kamar kurciya a kan tsamiya, sanyi yana ratsa shi, idanunsa su lumshe. Sau da yawa yakan yi mafarki ya ga kaset ɗin ya warware ya zama doguwar hanya ta rairayi, tsofaffi suna tafe a kanta cikin fararen kaya suna waƙa, kowa yana barin sawunsa a baya.

Akwai kuma wata tsohuwa, Mama Afiniki, wadda mijinta marigayi Barnabas yana cikin waɗanda aka fara ɗaukar muryarsu. Takan zo lokaci-lokaci da sandarta, ta zauna a benci, ta ce, "Ɗana, a ɗan tashe mini Barnabas." Sai ya kunna mata. Muryar tsohon ta cika ɗakin da wata waƙar girbi da shi kaɗai ya iya ta har ƙarshe. Ita kuma ta rufe ido tana bin sa da leɓe, ta tashi ta tafi gida da fara'a kamar wadda ta yi baƙo.

Ana nan muryoyi suna ƙaruwa, har wata rana kaset ya cika. Na'ura ta turo shi waje, ta yi kuka. Mutumin ya farka a firgice daga tsakiyar mafarkinsa. Sababbin kaset suna can cikin sito, a ɗaya gefen tsakar gida, ga rana tana dukan ƙasa, mabuɗi kuma sai an je nema. Ya dubi ƙofa, ya dubi kaset da ya leƙo kamar harshe. Sai ya miƙa yatsa ɗaya ya tura shi ciki.

Na'ura ba ta yi gardama ba. Ta karɓa, ta koma farkon kaset ɗin, ta rubuta ragowar aikin a kan abin da ta riga ta rubuta. Da ta gama ta kunna koriyar fitila, alamar komai lafiya. Ya san abin da ya yi, amma ya ce, "Na yau ne kawai. Gobe zan ɗauko sababbin."

Kun dai san gobe, ba ta da wuyar alkawari. Kashegari kukan ya zo, yatsa ya miƙe. Bayan kwana biyu ma ya daina buɗe ido, hannun ya koyi hanya da kansa. Mafarkinsa dai yana nan da daɗinsa, sai dai yanzu yakan ga matasa sun biyo bayan tsofaffin suna taka sawunsu, rairayi yana shafewa, na gaban suna shiga hazo ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun waiwayo ba. In ya farka sai ya dubi koriyar fitila, hankalinsa ya kwanta. Haka kowane kaset na kan kanta ya zagayo, aka shafe farkonsa.

Da damina ta kankama, wata rana da yamma aka yi tsawa, wuta ta bi waya ta ƙone babbar kwamfuta ƙurmus. Dattawan ikilisiya suka sayo wata, suna gode wa Allah da ya ba su mai hangen nesa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya sa kaset na fari, ya tarar daga tsakiya ya fara. Ya sa na biyu, haka. Ya bi su duka. Waƙoƙin bara suna nan, na bana suna nan. Na farko, na tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, babu ko tari.

Yana cikin wannan hali ya ji ƙarar sanda a bakin ƙofa.

"Ɗana, sannu da aiki. Na ji an ce an gyara. A ɗan tashe mini Barnabas."

Ya ce, "Mama, ina dubawa."

"Duba a hankali, ba sauri nake ba." Ta zauna a bencinta, ta fara rera waƙar ƙasa-ƙasa don ta rage jira. Ta kai tsakiya, ta tsaya. Ta sake ɗaukowa daga fari, ta tsaya a wuri guda. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Ka gani, nan ne kullum take ɓace mini. Shi yake ɗora ni."

Mutumin ya durƙusa a gabanta ya yi kuka mai zafi. A cikin sito kuwa sababbin kaset suna nan jere, ko ledarsu ba a ɓare ba.

Ya ku ƙaunatattu, ma'anar wannan misali ita ce: muryoyin nan amana ce da Allah ya sa a hannun kowannenmu, wato mutanen gidanmu, da maƙwabta, da bangaskiyar da iyaye suka bar mana. Ubangiji yana yin babban aikin da kansa, amma ya bar wani ɗan wuri da sai mun tashi daga kujera. Kukan na'urar nan shi ne kiransa a zuciya, lokacin da ya ce ka je ka nemi gafara, ka je ka gai da mara lafiya, ka zauna ka saurari tsohuwarka. Mayar da tsohon kaset kuwa shi ne mu ce "to, na ji" don kiran ya yi shiru, mu koma barcinmu da tsohuwar zuciya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne koriyar fitilar nan, domin mutum yana iya zuwa sujada kowace Lahadi, kowa yana ganin komai lafiya, alhali kowace rana wani abu mai daraja yana shafewa.

Mutumin nan bai ƙi Mama Afiniki ba, yana ƙaunarta ƙwarai. Tsakar gida kawai ya kasa ƙetarewa. In ka ji kiran a wannan mako, ɗan'uwana, tashi ka shiga zafin ranar, tun wanda zai zauna a bencinka bai iso ba.