Watandar Sarki Tunau

An ce wai a zamanin Sarki Tunau an yi wani gari mai unguwa biyar da rafi guda ɗaya. Masu lambu da marina dukansu da rafin nan suke ci, shi ya sa aka kafa majalisa mai kujera biyar don rabon ruwa. Kowace unguwa takan ajiye ƙwarya, mai son ɗan lambu ya jefa farar tsakuwa, mai son marini ya jefa baƙa. Wanda tsakuwarsa ta fi yawa, kujerar unguwar tasa ce.

To, a kowace unguwa, in ka tara mutum goma, shida masu lambu ne, huɗu marina. Saboda haka kujeru biyar ɗin nan duk masu lambu suka kwashe. Da rani ya tsananta, sai suka yanke a toshe hanyar ruwan da ke zuwa karofi, wurin ramukan rini.

Hankalin Jatau, babban marina, ya tashi, don in ramuka suka bushe sana'ar kakanninsa ta mutu ke nan. Ya tafi fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun kusa rabin gari, amma ko bakin tabarma ba mu samu ba."

Nomau, shugaban masu lambu, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba mu saci tsakuwar kowa ba. Ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona ran Jatau ke nan. Sarki kuwa ya kauce wa maganar ruwa. Sai ya ce kowace unguwa ta yi watandar sa guda, shi ma zai zuba nasa kuɗin. Jatau ya fita yana gunaguni, shi da ya kawo kukan ƙishirwa an ba shi labarin nama.

Ashe a kowane sa, abin da sarki ya zuba ya ɗara na masu lambu da ɗan kaɗan. Aka yanka, aka feɗe, kowa ya zo da akushinsa. Sai sarki ya ce a kwashe naman duka a kai fada, har kai da ƙafa, tunda shi ya fi kowa zubi.

Nomau ya dubi akushinsa wayam, haƙuri ya ƙare masa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ba haka ake watanda ba! Kowa kasonsa yake ɗauka gwargwadon abin da ya zuba."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Jiki magayi. Ni ma ban saci naman kowa ba, Nomau, ƙa'idarku na bi. Ƙwaryar unguwa tana da amfaninta, don kowa ya san ƙofar wakilinsa. Amma rafi bai san iyakar unguwa ba. Ai ka riga ka yanke hukunci da bakinka, shi za a bi."

Aka raba nama kashi-kashi. Sannan aka juye tsakuwar unguwanni biyar cikin masaki ɗaya aka ƙirga, masu lambu suka sami kujera uku, marina biyu.

Har yanzu rinjaye na masu lambu ne, Jatau kuwa ya shiga majalisa a ɗaya daga kujerun marina. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya bayyana musu cewa ramin rini ba kullum yake shan ruwa ba, in an cika shi sai ya daɗe. Masu lambu suka dubi juna, don ba wanda ya taɓa zama kusa da su balle ya gaya musu. Nan take aka ware wa karofi ranarsa.

Da Jatau ya ga ruwa na gangarowa cikin ramuka, sai hawaye suka zubo masa don godiya. Ya ɗaga hannuwansa masu shuni ya ce, "Allah ya saka wa sarki da alheri, ya saka wa Nomau da bai ɓoye gaskiya ba ranar da ta ci shi."

Shi ya sa masu hankali ke cewa, mai rinjaye ya ɗauki babban kaso, amma kada ya tafi da sa ɗin gaba ɗaya.