Littafin da Ya Je Kiwo

Gatanan gatananku, jama'ar wannan shafi. Na kusa ya amsa da "ta zo mu ji ta", sai mu ɗauko zance.

Akwai wani dattijo a Tunga ta Minna mai suna Malam Ndako. Shekara talatin ya yi yana aikin malamin dabbobi, daga Paiko har Kagara. Da ya yi ritaya, sai ya zauna ya rubuta abin da ya sani: alamomin ciwon shanu, maganin kowanne, da ma'aunin da ake bai wa maraƙi da na babbar saniya. Burinsa guda ne, littafin ya isa hannun makiyaya kafin damina, lokacin da cututtuka ke yawaita.

'Yarsa Nuriyya ce ta shigar masa da rubutun a kwamfuta. Ita ce kuma ta gano cewa yanzu ba sai mutum ya buga dubu ya jibge a ɗaki ba. Akwai masu buga littafi gwargwadon buƙata, a nemi ɗaya su buga ɗaya, a nemi goma su buga goma.

Ta samo wuri biyu. Na farko babban kamfani ne da ta gani a intanet, bangon littattafansu na sheƙi kamar madubi. Na biyu ɗan shago ne a bayan layinsu, na wani Mista Gaiya, wanda ke ɗinke littafi da zare. Nuriyya ta ce wahalar shekara talatin ba za ta ƙare a bango mai kama da na littafin firamare ba.

Malam Ndako ya yi murmushi ya ce, "Uwata, ba a cinikin biri a sama. Tunda suna buga ɗaya, kowa ya buga mana ɗaya."

Littattafan suka iso. Nuriyya na ta ɗaukar hoton mai sheƙin, sai ta ga Baba ya naɗe duka biyun ya hau mota zuwa kasuwar Paiko. Can ya damƙa su ga Jafaru, wani makiyayi da ya yi makarantar makiyaya. Ya ce ya sa su a jakar kiwo, kada ya lallaɓa su, ya dawo da su bayan kasuwa huɗu.

Ran Nuriyya ya ɓaci. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baba kuwa ya tura littafinsa yawon daji. Duk lokacin da ta yi magana, sai ya ce a dai jira.

Ranar alƙawari Jafaru ya zo har gida. Ya fara ciro mai sheƙin. Zafin rana ya narkar da gam ɗinsa, shafuka sun zazzube.

"Likita, wannan ɗan birni ne, bai iya kiwo ba," in ji Jafaru. "Ranar da maraƙina ya kamu da zawo na buɗe in duba ma'auni, shafin ba ya nan. Ina jin akuyata ce ta karance shi."

Sannan ya ciro na Mista Gaiya. Ya yi dauɗa, nonon shanun da Dije matar Jafaru ke sayarwa ya zube a bangon, amma ko shafi ɗaya bai fita ba. Da shi ya auna maganin, maraƙin ya tashi. Ƙorafinsa ɗaya ne, rubutun ya yi wa tsofaffi ƙanƙanta.

Nuriyya ta daɗe tana juya littafin a hannunta. Washegari da kanta ta je shagon Mista Gaiya, ta gaishe shi da ladabi, ta tambaya ko za a iya ƙara girman rubutu. Ya ce tunda ba a buga dubu ba, gyara ba wuya.

Kafin ruwan farko ya sauka, littafin ya shiga rugagen Paiko da Kagara. Shi kuwa mai tabon nonon, Nuriyya ta ɗora shi a cikin kabad ɗin gilashi na falo, inda dā ta tanada wa mai sheƙi.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa ƙwaryar Dije.

Darasi: Kafin ka zaɓi wanda zai buga maka littafi, nemi kwafi ɗaya ka gwada shi a hannun wanda aka rubuta dominsa. Kyan bango na ido ne, ƙarko na mai karatu. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da rubutu a ajiye.